Gefen da Mama Saratu Ta Daina Gani

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma safiyar da Baba Ishaya ya tsaya a bakin ɗakin mata da kwanon abinci a hannu, ya ƙi shiga, ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka kama aiki bayan na yi ritaya, kun tarar ana tambayar wane gefe ciwo ya taɓa kafin a zaɓa wa mai shanyewar ɓarin jiki gado. Ba haka muka tarar ba. Bari in faɗa muku inda abin ya samo asali.

Sunana Rifkatu. A lokacin ni ce babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin mata a asibitinmu na Kafanchan. A samana akwai matiron, wadda ke raba mana aiki, sannan akwai likitan da ke zagaye kowace safiya yana duba marasa lafiya yana rubuta magani. Ƙarshen damina ne, lokacin da manoma ke shirin haƙar citta.

A shekarar ne Dakta Naomi ta zo mana. 'Yar Kagoma ce, malamar jami'a, kuma tun ranar farko ta gaya mana cewa ita ba likitar da ke ba da magani ba ce. Karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta yi, bincikenta kuma a kan motsin ido ne. Ta yi mana bayani cewa ido ba ya zama wuri ɗaya ko da mutum yana ji kamar ya kafa shi. Tsalle yake yi daga nan zuwa can, kuma ƙwaƙwalwa ce ke aikensa. Don haka idan ka bi inda idon mutum ke sauka, za ka gane abin da ƙwaƙwalwarsa ke kula da shi da abin da ta bari.

Na'urar da ta zo da ita ba ta da girma. Kwamfuta ce da wata siririyar kamara a ƙarƙashin allon. Mutum zai zauna ya kalli hoto, kamarar tana bin ƙwayar idonsa, sai a wani allon na gefe ɗigo-ɗigo su riƙa fitowa a duk inda idon ya sauka. An ba ta wani ƙaramin ɗaki kusa da sashen ido. Matiron ta haɗa ni da ita domin ina jin Hausa da yarenmu, ina kuma ɗan jin na Kagoma. Aikin yana da tsari. Kwamitin asibiti ne ya amince da shi tukuna. Likita ne ke turo mutum, ni in yi masa bayani da harshen da yake ji, idan ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala. Kuma waɗanda suka yi watanni da samun shanyewar jiki kaɗai take ɗauka, ba sababbi ba.

Mama Saratu sabuwa ce. A gonar citta ta faɗi, aka kawo ta daga Kagoma. Hannu da ƙafar hagu sun mutu, amma bakinta lafiya, hankalinta kuma garau. Shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, mace mai barkwanci, wadda ko tana kwance sai ta tambaye ki lafiyar yaranki. 'Yarta Alheri ce ke jinyarta, ta taho daga Sabon Tasha inda take koyarwa. Mijinta kuwa, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, mai ƙarancin magana, gwiwoyinsa sun gaji. Kowace safiya yakan hau mashin ya taho da faten acca da maƙwabciyarsu ta dafa.

Gadon Mama yana ƙarshen ɗaki, kusa da taga. Ta damanta akwai ɗan lungu tsakanin gado da bango, inda Alheri ke tsayawa idan za ta ba ta abinci. Kujerar baƙi kuma tana hagunta, nan Baba ke zama. Zai gaishe ta, ta amsa, amma fuskarta na kallon taga. Wani lokaci sai ta dubi Alheri ta ce, babanku ne ya zo? Alhali ga shi nan zaune, hannunsa a kan bargonta. Idan aka ajiye mata abinci, rabi take ci ta ce ta cinye. An kai ta sashen ido aka duba, aka ce idanunta lafiya lau, babu yana, babu komai. Likitanmu ya gaya wa iyalin cewa irin wannan ciwon yakan taɓa yadda mutum ke lura da abin da ke gefensa. Sun ce to, amma maganar ba ta zauna ba. Ga masu duba ido sun ce ido lafiya.

Matan zumunta da ke zuwa yi mata addu'a suka fara ƙus-ƙus a baranda. Wasu na cewa akwai abin da ta riƙe a zuciya, wasu na cewa a kira fasto ya sulhunta su. Maganar ta kai kunnen Baba.

A safiyar da nake ba ku labari, na fito daga ɗaki na same shi tsaye. Ya miƙo mini kwanon. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

"Sista, ki ba shi da hannunki. In ni na kawo, rabi yake ci."

Na ce ya shigo mana ya zauna. Ya girgiza kai. Muka koma benci a baranda, can ya gaya mini abin da ke cin sa. Ranar da Mama ta faɗi, tun da safe ta ce masa kanta na ciwo. Shi kuma yana da taron 'yan fansho a gari. Ya ce mata ta sha magani ta kwanta, ya tafi. Ba ta kwanta ba, ta tafi gona ita kaɗai, kuma sai da rana ta yi nisa wani mai wucewa ya gan ta. Ya ce tun suna matasa, a gidajen ma'aikatan jirgi suka fara zama, ba ta taɓa juya masa baya ba, ko sun yi faɗa sai ta dube shi ta faɗi abin da ke ranta. Yanzu ko kallo bai ishe ta ba, kuma ya san dalili. Ya yanke shawara zai daina zuwa don ta samu ta warke cikin kwanciyar rai. Sun riga sun yi magana da Alheri cewa idan an sallame ta, Sabon Tasha za ta wuce da ita, shi ya zauna a Kagoma.

Na ba shi haƙuri iya yadda zan iya, na roƙe shi kada ya tafi sai na dawo.

Na sami Dakta Naomi tana goge gilashin kamararta. Ban je da niyyar neman komai ba, nauyin da ke raina kawai na sauke. Tana ji ta ajiye ƙyallen. Ta tambaye ni wane gefe ya mutu, na ce hagu. Ta tambaya wane gefen kwano ake bari, na ce hagu, kullum. A ina mijin ke zama? Na faɗa mata. Sai ta ce mu je wurin likita.

Ta gaya masa cewa ta san Mama ba ta cikin waɗanda aka ba ta izinin ɗauka, kuma ba za ta adana komai a na'urar ba. Abin da take so kawai shi ne a bar mijin ya gani da idonsa. Likitan ya ce shi ma abin da yake zato ke nan, ya ma rubuta a fayil, sai dai ya rasa yadda zai sa tsohon ya gane. Ya amince, da sharaɗin in kasance a wurin, kuma idan Mama ta gaji a tsaya. Na je na yi wa Mama bayani, ta ce ita ba ta ga abin da ya sami idonta ba, amma tunda 'yar garinsu ce ta roƙa, a je.

Ni da Alheri muka tura ta a keken marasa lafiya. Baba ya biyo mu a baya, ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa, ta hagunta, inda yake iya ganin allon gefe. Dakta ta durƙusa ta gaishe su da yarensu. Kafin a fara sai an saita na'urar da idon mutum, wato ya bi wani haske da ke yawo a allo. Wannan ya ba mu wahala, domin da zarar hasken ya yi hagu sai Mama ta ce ya ɓace. Dakta ba ta ƙosa ba. Ta yi ta maimaitawa a hankali har abin ya kama gwargwado.

Ta fara da hoton kasuwa. Ta ce wa Baba ya lura da ɗigon, duk inda ya fito, nan idon Mama yake. Mama ta lissafa mai doya, mai tumatir, wani mashin. Duk ɗigon suka taru a dama. Rabin allon na hagu fes, ko ɗaya babu, alhali akwai wata babbar mota a wurin.

Sai ta tambayi Alheri ko tana da hoton iyali a waya. Akwai wanda suka ɗauka ranar godiyar kaka a ƙofar coci. Baba na tsaye a ƙarshen hagu, Mama a tsakiya, yara da jikoki a dama. Aka sa shi a allo. Fuskar Mama ta washe. Ta kira Alheri, ta kira ƙanin Alheri, ta kira jikokin ɗaya bayan ɗaya, har ta yi tsokaci a kan ɗinkin zanen da ita kanta ta ɗaura. Sannan ta ce, "Babansu bai shiga hoton ba ne?"

Na ji ƙarar kujera. Baba ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"Baba, don Allah ka ɗan dakata," in ji Dakta. "Ban gama ba."

Ta danna wani abu, hoton ya juya kamar a madubi. Yara suka koma hagu, Baba ya dawo dama. Ɗigo na farko ya sauka a fuskarsa. Na biyu ma a nan. Suka yi ta taruwa, a ido, a baki, su gangara kafaɗa su dawo, har fuskar ta kusa rufewa. Ba su je wurin kowa ba.

Mama ta ce, "Af, ga shi nan. Da hular nan da na hana shi sawa." Ta yi dariya kaɗan, sannan muryarta ta sauka. "Alheri, ina yake ne? Kwana biyu muryarsa kawai nake ji. Ko a waje yake tsayawa?"

Na je na kama hannun Baba, na zagaya da shi ta bayan keken, na tsayar da shi a damanta. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Baban Alheri, ka rame. Wa ke dafa maka?"

Duk da ciwon gwiwa sai da ya durƙusa, ta ɗora hannunta mai lafiya a kansa. Alheri ta fita baranda tana kuka. Ni da Dakta muka sami abin yi a wajen wayoyin na'ura, muka ba su baya.

Bayan an natsu, Dakta ta zaunar da su ta yi bayani. Ta ce masu duba ido sun yi gaskiya, idanun lafiya suke. Ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, wanda ke tuna wa mutum cewa akwai duniya a hagunsa, ya kuma aika ido can. Mama ba duhu take gani a wajen ba. Wajen ne gaba ɗaya ya fita daga lissafinta, kamar yadda kowannenmu ba ya ganin bayan kansa kuma ba ya jin ya rasa wani abu. Shi ya sa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Baba ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi biyu ko uku, sannan ya gyaɗa kai ya ce ya gane: layin dogo lafiya yake, mai juya layin ne ya kwanta ciwo. Dakta ta ce ko a aji ba ta taɓa faɗin sa da kyau haka ba.

Ya ɗauko maganar ciwon kai da taron fansho a gaban matarsa. Mama ta ce ita fa abin da ta tuna shi ne ya ce ta kwanta ta ƙi, don haka in akwai mai neman gafara, ita ce. Ya ce a'a shi ne. Suka fara gardama a kai, har Alheri da ta dawo ta ce to su yafe wa juna a wuce wurin.

A ranar na nemi izinin matiron muka matsar da gadon daga bango, kujera ta koma dama. Mama ta cinye faten nan tas, domin Baba na juya mata kwanon idan ta gama gefe ɗaya.

Na ɗauka an gama ke nan. Amma bayan 'yan kwanaki Dakta ta zo tare da mai gashin ƙashi, suka ce wa Baba lokaci ya yi da zai fara komawa hagu. Bai ji daɗi ba.

"'Yata, yanzu na samu yana gani na, ki ce in koma inda ba ya gani?"

Ta ce masa idan kowa ya tsaya a dama, Mama za ta zauna da rabin duniya har ƙarshen ranta. Ido yana iya koyon zuwa hagu idan akwai abin da yake nema a can, kuma ta ga a na'ura abin da idon Mama ke nema. Sai ya ja kujerarsa zuwa ƙafar gado.

Haka aka riƙa yi. Yau kujera na ƙafar gado, bayan kwana biyu ta ɗan gusa. Muka liƙa jan ƙyalle a bakin kwano ta hagu, muka ce kada ta ce ta ƙoshi sai ta ga ja. Baba yakan zauna ya kira ta a hankali, Maman Alheri, ina nan, ki neme ni. Sai ka ga ta fara daga taga, ta bi bango, ta wuce ƙafar gado, kanta na juyawa kamar mai ɗaga kaya mai nauyi. Akwai ranakun da take samunsa. Akwai kuma ranakun da take tsayawa a tsakiya ta ce a ƙyale ta ta gaji, har ta yi hawaye. A irin wannan ranar yakan tashi ya zagayo dama ya zauna, ba tare da ya jira izinin kowa ba, mu ma ba mu taɓa hana shi ba.

Da aka sallame ta, Kagoma ta koma. Alheri ta samo wata 'yar uwa da za ta riƙa taimaka musu, ta koma makarantarta. Ba zan ce muku Mama ta warke sarai ba. Hannun bai dawo ba. Tana tafiya da sanda, takan bugi ƙofa da kafaɗar hagu idan ta yi sauri, kuma ba a barin ta tsallaka titi ita kaɗai. Amma ta koma zumunta, tana zama a gefen da za ta ga kowa.

Da watanni suka cika, su da kansu suka dawo suka ce a sa Mama a cikin binciken. Na yi mata bayani bisa ƙa'ida, ta sa hannu. Baba ya tambayi Dakta me za a yi da ɗigon nan. Ta ce za ta haɗa da na sauran mutane, ta rubuta abin da ta gano ba tare da sunan kowa ba, masana irinta su karanta, su gwada a wurarensu, su gyara inda ta yi kuskure. Ya ce to a rubuta da kyau, domin ya tabbata akwai wani tsoho a wani gari da ke zaune a gefen da ba daidai ba.

Dakta ta koma jami'arta bayan ta kammala. Rubuce-rubucenta da Turancin masana suke, ba duka nake ganewa ba. Na dai san cewa takwarorinta a wasu jami'o'i, har da na ƙasashen waje, suna ambaton aikinta a nasu, ɗalibai kuma sun zo nan Kafanchan suna cewa daga karanta ta suka zaɓi fannin. Yanzu farfesa ce. Ta taɓa gaya mini cewa a wurinsu da yawan ambaton ake auna mutum, kuma ba ta raina hakan, domin ta nan ne abin da aka gano a ƙaramin ɗaki ke isa inda mai shi ba zai taɓa zuwa ba. Na ga alamar haka da kaina. A wani taron ƙara wa juna sani a Kaduna, wata ƙaramar ma'aikaciya daga wani asibiti ta tashi tana yi mana bayanin yadda suke lura da gefen da mai shanyewar jiki ke bari a kwano. Wani malaminta ne ya koya musu, shi kuma ya ce a rubutun Dakta ya fara cin karo da muhimmancin abin. Ban ce mata komai ba, na tafa mata tare da kowa.

Duk lokacin da Farfesa ta zo gida Kirsimeti, sai ta biya ta gaishe su. Na taɓa raka ta sau ɗaya. Na tambayi Mama yaya hagun. Ta ce har yanzu ba ya zuwa da kansa, sai ta tuna. Kowace safiya idan ta farka takan ce wa kanta, Saratu, juya, akwai mutum a wajen.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba mai yawa ba ne, amma ya bi ni har na bar aiki. Mara lafiya ba shi kaɗai ke kwance a ɗakinmu ba. Akwai wanda ke kan kujera, yana kallon komai, yana ba kowane motsi ma'ana da abin da ke zuciyarsa. Mu mun san sunan ciwon, mun rubuta a fayil, mun ma faɗa masa, amma faɗa daban, ganewa daban. Idan bayani bai shiga ta hanya ɗaya ba, a nemi wata, ko da sai an ƙwanƙwasa ƙofar wanda aikinsa ba jinya ba ne. Kuma kafin ku rubuta cewa mara lafiya ya ƙi abinci, ko ya ƙi magana, ko ya ƙi kallon wani, ku zagaya gadon tukuna. Ku tsaya a ɗaya gefen ku sake gaishe shi.